Gawayin Tsohuwar Marina

Ku matso, ku rage hasken fitilar nan. Bintalo, in za ki yi kuka, fita tun yanzu.

Ilu Mai Fenti ya sha faɗa a teburin mai shayi cewa shi hannunsa baiwa ce. Wai ko idonsa a rufe zai zana doki har da ƙudan da ke kan wutsiya. In aka ce ai marigayi Baba Jatau ne ya koya masa, sai ya taɓe baki. "Wanke masa gwangwani kawai na yi."

Alhali kuwa Ilu ko kaza bai iya zanawa ba. Ranar da Baba Jatau ya rasu ya sace littafin zanensa. Matar marigayin, Iya Kande mai fura, ta tambaye shi, ya rantse bai gani ba.

Ga yadda yake yi. Ya sami takardar buhun siminti, ya murje ta ta yi laushi. Ya daka gawayi, ya ɗiga kananzir kaɗan, ya goge bayanta da tsumma har ta yi baƙi ƙirin. Sai ya kifa ta a kan yadin akoko, ya ɗora zanen Baba Jatau a sama, ya bi layi da biron da ya ƙare. In ya ɗaga, ga hoto ya fito. Saura fenti.

To, Sarkin Pawa Mantau ya ba shi aikin zanen bijimi, za a rataye a rumfar mahauta ranar kasuwa. Ilu ya kwashi kayansa ya nufi tsohuwar marina, inda ba mai zuwa. Tsakar rana ce. Ko tsuntsu ba ya motsi.

Yana cikin gogar takarda, sai ya ga mutum a gabansa. Dogo, riga fes, ba gumi.

"Sannu da aiki."

Bakin mutumin ne ya motsa, amma muryar daga bayan Ilu ta fito. Ya waiga. Ba kowa, sai ramukan rini.

"Zanen wa?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Naka."

"Nawa."

Ilu ya sunkuyar da kai, nan ya ga ƙafafun. Yatsun suna kallon inda mutumin ya fito. 

"Gawayinka ba shi da kyau," in ji muryar, dab da ƙeyarsa. "Yi da wannan. Ba ya barin komai a takarda."

Da ya ɗago, ba kowa. Ga dunƙulen gawayi a kan littafin, sanyi kamar an tsamo shi daga randa.

Mai hankali da ya gudu ya bar shi. Ilu ya kwashi kayansa ya gudu, amma da gawayin a aljihu, don bai taɓa ƙin kyauta ba. A ɗakinsa ya daka shi. Layi ya fito sumul, ya shafa fenti, bijimi kamar zai yi tunkuyi.

Ranar kasuwa aka taru. Ilu ya sha farar riga yana karɓar gaisuwa. Sarkin Pawa ya yaye mayafin da aka rufe hoton da shi, mahauta suka hau yabo.

Sai rana ta bugi yadin.

Baƙi ya fara tasowa ta cikin fentin. Layin ninkin takardar Baba Jatau ya fito. Shaidar gindin kofin shayi ta fito. Can ƙasa, rubutun ajami ya bayyana, harafi bayan harafi.

"Liman, duba mana," in ji Sarkin Pawa.

Liman ya gyara tabarau. "An rubuta: aikin Jatau, shekarar da aka yi ambaliya."

Wani mahauci ya ce, "Baiwa, ashe har rubutun mamaci kana yi ido rufe?"

Ba wanda ya yi dariya sosai, don Iya Kande ta sauke ƙwaryarta. Ta ratso mutane, ta shafa wurin kofin da yatsa.

"Ni na ajiye masa shayin nan," ta ce. "Har ya yi mini faɗa."

Ta juyo.

"Ilu, da Alƙur'ani ka rantse mini."

Ilu ya nemi inda zai sa idonsa ya rasa. Ya cusa hannuwa a aljihu, ya fito da su baƙi ƙirin, ya goga a riga, rigar ma ta ɓaci. Kasuwa guda tana kallo.

Ku dai in aike ya biyo da ku ta marina da tsakar rana, ku nemi abokin tafiya. In an tambaye ku abin hannunku na wa ne, ku faɗi mai shi.