Baƙin Garin Injin Yaya Tanimu

Ku matso, ku rage murya. Tun da muka binne Yaya Tanimu ban faɗa wa kowa wannan ba.

Kun san shagonsa na fotokwafi a bakin kasuwa. A cikin injin akwai wata roba da ragowar tawada ke taruwa, baƙin gari mai laushi kamar kwalli. Kafin ya ciro ta sai ya tuɓe takalmi, ya taɓa ƙarfen ƙofa, ya shafe ta da tsumma mai danshi.

"Wuta ce ke taruwa a jikinta," yake ce min. "In ba ta samu hanyar ƙasa ba, jikin mutum take zama."

Wata Juma'a yana saurin masallaci, ya ciro ta a bushe, ya zazzage a jujin bayan shago. Rana tsaka. Ko bisimilla bai yi ba. Ina kallo garin ya tashi, ya tsaya a iska, kamar ya manne wa wani abu mai kafaɗu. Daga ranar yake tari yana tofar da baƙin gari, har rai ya yi halinsa.

Da aka share makoki na buɗe shagon. Wajen azahar wani tsoho ya shigo, babu sallama. Gashin hannuna ya miƙe. Takardun kan tebur suka fara ɗagowa suna binsa. Rabin fuskarsa baƙin gari ne.

"Sannu Baba, me za a buga?"

"Ina mai shagon?"

"Allah Ya yi masa rasuwa."

"Na sani. 'Ya'yana ya zuba wa garin nan a ido a juji. Kai ne magajinsa?"

Na sunkuyar da kai. Ƙafafunsa ba su taɓa siminti ba.

Ya miƙo hannu. "Mu gaisa." Tsakanin yatsunsa wani shuɗin abu na ƙyas-ƙyas.

Maganar Yaya ta faɗo min. Na zame silifas, na damƙi ƙarfen ƙofa da hagu, na yi bisimilla da ƙarfi. Ya taɓa ni.

Tas! Abin ya ratsa ni ya shige ƙasa. Da na buɗe ido, tsibin baƙin gari kawai na gani a inda ya tsaya.

Haska fitilar nan, ku dubi tafina. Babu sabulun da ban gwada ba, baƙin ya ƙi fita.

Duk wanda ya karɓi shagon nan a cikinku, ya ƙulle garin a buhu. Kuma kada ya kuskura ya zaga jujin nan shi kaɗai da rana tsaka. Tsohon bai ce ya yafe ba.