Ƙafa Kafin Fuska

Yaya Lantana ta rage hasken fitila, ta ce wa ƙannenta, "Ku matso. Wanda ya san zai yi fitsarin kwance ya tashi tun yanzu." Ba wanda ya motsa.

A mashigin gulbin ƙauyenmu an yi wani mai fito, Nomau. Mutumin kirki ne, amma akwai wata magana da ya gada wurin kakansa, ya riƙe ta kamar karatu: haska ƙafa kafin fuska. Wai aljani yana iya aron fuskar kowa, ƙafa ce ba ya iya ɓoyewa. Don haka in rana ta faɗi, ba mai shiga jirginsa sai ya dalle masa ƙafa da tocila. Yana da 'ya ɗaya, Ladidi, wadda ta fara tatata a lokacin.

Wani dare na damina, ruwa ya cika, mutum biyu suka zo gaɓa. Na farko dattijo ne mai farar riga. Nomau ya haska, ya ga ƙafa sumul, yatsu biyar-biyar.

"Shiga, Baba."

Na biyu yana haki, da yarinya a kafaɗa. Nomau ya haska. Ƙafafun a murɗe suke, tafin yana kallon ciki.

"Maciji ya sare ta," in ji mutumin. "Mai magani yana ƙetare. Don Allah, malam."

"Ja da baya!"

"Haka aka haife ni. Dubi fuskata."

Nomau bai duba ba. Ya tura jirgi yana ta addu'a, mutumin yana kiransa har muryar ta dushe.

A tsakiyar ruwa ya lura jirgin ba nauyi, kamar shi kaɗai ne a ciki. Kwaɗi sun yi tsit.

"Wancan ɗan'adam ne," in ji dattijon. "Yarinyar ba za ta ga safiya ba."

Nomau ya ce, "Kai fa?"

"Ai ka haska."

Dattijon ya ɗebo ruwa da tafin hannu, ya shafa masa a ido. Ruwan sanyi ƙalau. "Ga ladan fito. Abin da kake nema, shi za ka riƙa gani." Da jirgi ya taɓa gaɓa, ba kowa a ciki sai Nomau.

Da safe aka binne yarinyar. Nomau ya je jana'iza, ya sunkuyar da kai don kunya, sai ya ga ƙafar liman a murɗe. Ta maƙwabcinsa ma haka. Duk sahun haka. Ya ruga gida, Ladidi ta taho da tatata tana dariya, tana miƙo masa hannu. Ya kalli ƙasa, ya ƙwalla ihu, ya ja da baya. Ladidi ta faɗi.

Yaya Lantana ta ci gaba a hankali.

Ya san ƙarya idonsa ke yi masa, abin tausayin ke nan. Ya sani, amma jikinsa ya ƙi yarda. Shekara talatin yana tafiya kai a sama, yana tuntuɓe, yara suna yi masa dariya. Ladidi ta girma, aka yi mata lallen aure, ta zo ta tsaya a gabansa ta ce, "Baba, dubi ƙafata, ta yi kyau?" Ya ce, "Ta yi kyau, 'yata," hawaye na zuba, idonsa na kan rufin ɗaki.

"Saboda haka," in ji Yaya Lantana, "kada wanda ya bi mashigin nan shi kaɗai bayan magariba. In kuwa ta kama dole, wani ya roƙe ku, ku fara duba fuskarsa."