Ƙyallen Da Aka Makara Kaiwa

Can cikin jikin wani manomi, an yi wani sojan jini mai zafin nama. Duk inda aka ji rauni, shi ne farkon zuwa.

Rannan ƙaya ta soki manomin a ƙafa, ƙwayoyin cuta suka kwararo ciki. Soja ya far musu. Bisa al'ada, kamata ya yi ya yagi ƙyallen rigar maƙiyi ya ba 'yar aike Mai Dogayen Hannuwa, ta kai wa maharban Kaluluwa, su fiƙe kibiyar da ta dace da shi.

Ta miƙo hannu ta ce, "Yaya, ƙyallen fa?"

Ya ce, "Ke, matsa! Ni kaɗai na isa."

"Haba yaya, ko ɗan guntu."

"Na ce ni kaɗai na isa!" Ya haɗiye maƙiyan har da rigunansu.

Ashe wasu sun laɓe a gindin ƙayar. Suka hayayyafa, suka dawo. Da ƙarfin soja ya ƙare, ya yago ƙyalle da ƙyar, ya ce, "Ƙanwata, ruga!"

Ta ruga. Maharba suka jujjuya ƙyallen, suka ce, "Fiƙar kibiya ai sai an kwana biyu. Ina kike tun farko?"

Kafin kibiyoyi su iso soja ya faɗi, ƙafa ta kumbura, manomi ya kwanta jinya, ciyawa ta cinye gonarsa.