Gorar Ruwan da Safiyanu Ya Kai Kogo

Duk wanda ya san tashar Basirka a shekarun baya ya san Safiyanu mai gyaran babur. Ba shi da faɗa, ba shi da zagi, sai dai in mota mai kyau ta wuce yakan saki sifana ya bi ta da ido har ta ɓace.

Ana cikin haka 'yan kasuwa daga Kano suka fara shigowa ƙasar Gwaram neman wani farin dutse mai ƙyalli. Suka ce da shi ake haɗa batiran sola da na motocin da ba sa shan mai, wai don a rage hayaƙi a duniya. Safiyanu ya rufe rumfarsa, ya ɗauki diga ya shiga daji. Wata huɗu yana haƙa, bai samu komai ba sai kanta a tafin hannu. A nan aka raɗa masa labarin boka Maikano, mai zama a duwatsun bayan Birnin Kudu.

Da rana tsaka ya isa, amma cikin kogon sanyi ne kamar ƙasan rijiya. Ƙahonin shanu a jere jikin bango, ga wata baƙar tukunya an ɗaure wuyanta da jan ƙyalle, busasshen jini da gashin kaza sun manne a gefenta. Bokan tsoho ne, idonsa ɗaya ya yi fari fat.

"Dutse kake nema," in ji shi tun Safiyanu bai zauna ba. "Aljanu masu ƙasa za su nuna maka. Amma ba sa kyauta."

"Baba, in jinin mutum ne, ba zan iya ba."

"Wa ya ce maka jini? Ruwa suke so. Gora ɗaya daga inda ake sha. Ka juye a tukunyar nan da hannunka, ka ce ka ba su."

"Ruwa kawai?"

"Ruwan, da abin da ke bin sa."

"Me ke bin sa?"

"Dutse ka zo nema ko tambaya?"

Safiyanu ba yaro ba ne, ya fahimci inda maganar ta dosa. Shi ya sa bai taɓa rijiyar gidansa ba. Ya gangara rafin ƙauyensu, inda mata ke ɗiba, makiyaya ke shayarwa, ya cika gora. Ya ce a ransa abin da aka raba wa gari guda ba zai yi wa kowa nauyi ba. Da ya koma kogo ya juye ruwan, tukunyar ta shanye shi nan take, ko danshi bai rage ba.

Kwana bakwai bayan haka digarsa ta buɗe jijiyar dutse a gonar kawunsa Ishiyaku, daf da rafin. Ya lallaɓi tsohon har ya rabu da gonar. Aka kawo injuna, aka tare rafi ana wanke dutse a ciki, tireloli na ɗauka dare da rana. Safiyanu ya zama Alhaji. Ya yi bene a Birnin Kudu, ya haƙa burtsatse a tsakar gida, ya kwashe matarsa Mansura da 'yarsu Basma. Mahaifiyarsa Inna Zuliha kaɗai ta ƙi tashi, ta ce inda aka binne mijinta za a binne ta.

Rafi ya koma fari kamar ruwan wankin shinkafa. Shanu suka fara zubar da ciki, gonakin fadama suka ƙone a tsaye, yara suka kama amai da ciwon ciki. Rami ya rufta da ma'aikata uku. Duk jana'iza Safiyanu na sahun gaba, shi ke sayen likkafani, mutane na sa masa albarka. Kowace albarka sai ta zauna masa a ƙirji kamar garwashi. Amma injin bai tsaya ko yini ɗaya ba.

Da hutun makaranta Mansura ta kai Basma wurin kakarta ba da sanin Safiyanu ba. Kwana goma yarinyar na shan abin da Inna ke sha. Ciwo ya kama su, aka binne Basma ranar Talata, Inna ta bi ta ranar Juma'a. Tun daga nan Mansura ta daina gane mutane. Sai ta buɗe duk famfunan gidan ta zauna tana kiran 'yarta ta zo ta sha.

Safiyanu ya koma kogo.

"Ka ce ba jini! Uwata da 'yata fa, Baba?"

Maikano bai ko ɗago ba. "Masu ƙasa dutse suka nuna maka. Su suka tare rafi? Su suka kunna inji? Da aka binne 'ya'yan wasu, ka zo nan? Sai da ya taɓa naka."

Safiyanu ya juya ya fita, don ya san gaskiya ce.

Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sallame salla, ya miƙe a masallacin ƙauye ya faɗi komai, har gorar. Ba wanda ya taɓa shi. Kawu Ishiyaku ya dube shi ya ce, "Safiyanu, kai muka ɗauka mai taimakonmu." Ya sa takalmansa ya fita, jama'a suka bi shi.

Ya kashe injuna, amma takardun wurin tuni suna hannun masu sayen dutsen, suka kawo wani ya ci gaba. Bene ya tafi a neman maganin Mansura, ba ta warke ba. Yau yana kwana a shagon wani, ba ya iya haɗa ido da kowa. Rabin ƙauyen sun yi hijira, sauran ko wutar lantarki ba su taɓa gani ba, alhali dutsen ƙasarsu na haskaka biranen da ba su san sunansu ba.

Ku masu gaggawar arziki, ku ji tsoron Allah. Boka ba ya ba ku komai, abin da ke zuciyarku yake buɗe wa ƙofa. Kuma duk wanda ya yarda a cuci 'ya'yan wasu don nasa su ji daɗi, ya sani ranar da zai haƙa wa nasa kabari tana tafe.