Zargin Rufaida

Rufaida na tsakar gida tana ɓarar wake, sai ga Gwaggo Fatiha ta faɗo daga kasuwar Tasawa, ko mayafi ba ta aje ba.

— Ke, tashi ki ji! Yau ma na ga ƙawar taki Huda goye a bayan moton Sirajo, sun ɗauki hanyar Kona. Karo na ukku ke nan!

Sirajo mushe ne, wato malamin makaranta, a wata lekol, shi ke neman auren Rufaida. Huda kuwa aminiyarta ce tun suna aji guda.

— Haba Gwaggo, Huda hwa?

— Ita hwa! Tun rasuwar uwarki nike riƙonki, kin taɓa ganin na yarda da wani? Shi ya sa ba a taɓa cuta ta ba.

Haka gidan yake. Ko maƙwabciya ta aiko da tuwo, sai Gwaggo ta ce da wata manufa. Rufaida ta sha yi mata dariya kan wannan, amma yau maganar ta zauna mata. Ta tuna kwanan nan in telefon ɗin Huda ya yi ƙara, sai ta koma gefe. Ta tuna Sirajo ya daina zancen ranar turo magabatansa.

Da la'asar ta nufi gidan su Huda, ta ƙi zama.

— Munafuka! Mi kike yi da Sirajo Kona?

— Rufaida, ni? Ki yi haƙuri kwana kaɗan, na yi alkawarin ba ni faɗi...

— Riƙe alkawarinki, ki riƙe Sirajon ma!

Ta baro Huda tana kuka. Sirajo ya kira har ya gaji, ba ta ɗauka ba.

Bayan kwana shida wata dattijuwa ta yi sallama. Inna A'i ce, mahaifiyar Sirajo, daga Kona. Bayan gaisuwa ta dubi Rufaida.

— Ɗiyata, ba ni ɓoye miki, da fari na ƙi auren ga. An ce mini gidanku ba a yarda da kowa, na ji tsoron ki raba mini ɗa da danginai. Huda, ɗiyar maƙwabciyata ta da, sau ukku tana sa Sirajo ya kawo ta wurina. Ta durƙusa gabana ta rantse ke zuciyarki fara ce, har na amince. Sun ɓoye miki don kada ki ji ciwon an ƙi ki.

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Rufaida kuwa hawaye suka ɓalle mata, don ta gane halin da take yi wa dariya ya daɗe da shigarta ba ta sani ba.

Tsohuwa na tafiya ta ruga gidan su Huda, ta kama ƙafafunta.

— Ki yafe mini, don Allah!

Huda ta ɗago ta.

— Na yafe. Amma na yi rantsuwa kanki gaban tsohuwa. Kada ki maishe ni maƙaryaciya.

Bayan girbi aka ɗaura auren, Huda ce babbar ƙawa. Hali a gida ake shan shi kamar ruwan randa, sai wanda ya binciki kansa ke tace shi. Aminin da ya yi haƙuri da kai ranar da ka zage shi, kada ka sake shi.