Ajin da Awaki Suka Cinye

Habsatu tana tankaɗe a tsakar gidansu na unguwar Maourey, cikin Yamai, ta jiyo mahaifinta, Alhaji Yakuba mai atamfa, yana yanke wa saurayinta hukunci a zaure. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, irin waɗanda ake kira "Mushe".

— Mushe Yahaya, ba ni ba da ɗiyata ga malamin da lakwal ɗinshi zana ce! Ran da gwamnati ta gina maka aji na siminti, ka zo ka ɗauki matarka.

Rariyar ta suɓuce mata, hawaye suka biyo baya, don tana son Yahaya ƙwarai.

Shekarar fari da yunwa ce, soja ke mulki. Mutanen karkara sun kwararo Yamai da 'ya'yansu, gwamnati kuma ta ce kowane yaro ya shiga makaranta. To amma yara sun fi azuzuwa yawa, kuɗin gini kuwa sayen hatsi ya lashe rabinsa. Shi ya sa Yahaya ke koyarwa cikin rumfar zana a Tondibia, can bayan gari, yara maƙil har bakin ƙofa. Ka'ida ita ce, inda sufeton makarantu ya tarar da yara zaune a inuwa suna karatu, nan za a yi gini. Inda bai tarar ba, a rufe.

Ana gobe sufeto zai zo, Yahaya ya iso a kan keke, fuska duk ƙura.

— Habsatu, shi ke nan! Awaki sun cinye lakwal! Yunwa ta sa ba su bar ko kara ɗaya ba, zana kuma babu ita a kasuwa.

Inna Hamsatu, uwar Habsatu, ta yi salati, dariya kuma ta kusa ƙwace mata. Habsatu dai ɗaki ta shige, ta fito rungume da tabarmin aurenta, waɗanda Inna ta daɗe tana saƙa mata.

— Ke! Kayan ɗakin naki?
— Inna, in ba aji, wane ɗaki zan shimfiɗa su?

Sai Inna ta miƙo mata igiya.

Da safe Alhaji ya ji labari, ya hau mota a fusace don ya kwaso kayan 'yarsa kafin duniya ta yi masa dariya. A Tondibia ya tarar an ɗaure tabarmin a kan sanduna, yara a ƙarƙashi suna karatu, sufeto na tsaye yana gyaɗa kai. Yana kai hannu ga igiya, wata mata ta durƙusa gabansa.

— Alhaji, kai ne mai tabarmin? Daga ƙasar Tahoua muka taho, dabbobinmu duka sun mutu. Wagga ɗiya kaɗai ta rage mini, ga ta tana karatu cikin inuwarka.

Alhaji, wanda shi ma daga can ya zo Yamai da ƙafa yana saurayi, ya saki igiyar. Kunya ta kama shi, idonsa ya cika.

— Yahaya, wanga kulli bai yi ba, iska za ta kwance shi. Riƙe nan in gyara.

Kafin kaka aka fara zuba tubalin siminti a Tondibia, amma Alhaji bai jira ginin ba, ya ɗaura aure. Amarya ta tare da tabarmi koɗaɗɗu, ɗaya ma akuya ta gatsi gefenta, kuma ba ta yarda an sauya su ba.

Mahaƙurci mawadaci. Wanda ya yi wa 'ya'yan wasu inuwa, Allah ba ya barin sa a rana.