Littafin Da Ya Cinye Iri

A kasuwar Zakirai Fadima ta fara ganinsa, a shekarar da kwanon gero ya fi ƙarfin talaka. Ta kawo busasshiyar kuɓewa, har azahar ba wanda ya taya. Gefenta samari sun kewaye tabarma, ba kati ba dara, sai 'ya'yan lido biyu da wani ɗan littafi. Mai littafin yana jan labari, kowa yana amsawa da bakin wanda ya zaɓa ya zama: wannan manomi, wancan makiyayi, ɗayan maƙeri.

"Malama mai kuɓewa," ya ce, "garinmu ba ungozoma. Za ki shigo?"

"Ni da ko sisi ban yi ciniki ba?"

"A nan ko ba ki da sisi sai ki mallaki gona."

Ta yi dariya, rabonta da ita an kwana biyu.

Tasi'u sunansa. Ya gama karatun malanta, aiki ya ƙi samuwa, sai ya ƙirƙiro wasan, ya raɗa masa Damina, ya buga dokokinsa a Gezawa har kwafi ɗari da hamsin.

Kafin wata ya mutu, saƙonsa ya zama abin karin kumallonta. "Ungozomar garina, kin tashi lafiya? Garin nan ba ya yin albarka sai da ke."

Sai ta mayar masa: "Malamin tabarma, rage daɗin baki, ka nemi abin da za ka sa a cikinka."

Akwai abin da ke cin ransa, bai kuma ɓoye mata ba. A bugun farko ya rubuta cewa kowane ɗan wasa ya kawo gero cikin tafi, wanda gonarsa ta fi yabanya ya kwashe. Limaminsu ya ce masa wannan caca ce. Ya soke dokar, ya fitar da sabon bugu, tsakuwa ta maye gurbin hatsi. Amma littafi ba ya jin kira. Tsofaffin sun riga sun bazu ƙauyuka, kuma babu wanda ya gaya musu an gyara su.

Ɗaya ya faɗa hannun yayanta Basiru, magidanci mai 'ya'ya uku. Tafi ya zama gwangwani, gwangwani ya zama kwano, har ya taɓa irin da aka ɓoye don shuka. Ranar da ruwan shuka ya sauka, kowa ya nufi gona, gidansu aka zauna ana kallon juna.

Kamilu, wani dillalin hatsi a Dawanau da ya daɗe yana neman Fadima tana zillewa, shi ya kai wa mahaifinta, Malam Nababa, littafin, ya naɗe masa shafin.

"Wanda littafinsa ya cinye irin gidana ba zai ɗauki 'yar gidana ba," in ji Malam Nababa.

Ta rubuta wa Tasi'u: "Ka ce ka gyara. 'Ya'yan yayana gyaranka za su ci?"

Kwana uku shiru. Ta kira, waya a kashe. Ta ce a ranta, ashe shi ma na gudu ne.

Rana ta huɗu sai ga shi a ƙofar gida da keke, ya ɗauro rabin buhun iri. Ta tsaya daga cikin zaure tana ji.

"Wayata na sayar, Baba. Laifin na alƙalamina ne."

"Irin gidana ka mayar. Sauran gidajen fa? Duk inda tsohon littafin nan ya kwana, da sunanka ake caca. Ka tattaro su kaf, sannan mu yi magana."

Damina guda yana kan keke cikin taɓo, yana karɓar tsoho yana ba da sabo. Wasu suka zage shi, wasu suka ce tsohon ya fi armashi. Fadima ba ta zauna kuka ba. Duk gidan suna ko biki sai ta ja matan gefe.

"Yaya, duba min ƙarƙashin katifar maigidan."

Matan sun fi kowa son rabuwa da littafin. A ƙullin zani suka riƙa kawo mata.

Da kaka ta yi, Tasi'u ya durƙusa gaban Malam Nababa da tarin tsofaffin littattafan, ya rame kamar ba shi ba.

"Tara sun gagara, Baba. Ba zan ce maka sun cika ba."

Malam Nababa ya ɗaga buzunsa, ya zaro wanda Kamilu ya kawo masa, ya ɗora a kan tarin.

"Takwas. Da ka ce sun cika, da yau ka yi mata kallon ƙarshe."

Gonar Basiru rabi ta bayar, don an makara. Haka aka ɗaura auren, ba kiɗa ba shinkafa, sai tuwon da ya samu da goro ƙwarya ɗaya.

Da za a fita da amarya, ta durƙusa gaban mahaifinta, kuka ya ƙwace mata. Tsohon ya dafa kanta, ya dubi angon da ke tsugune a bakin zaure.

"Takwas ɗin nan yanzu ku biyu za ku nema. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a mai jin gyara. Duk kuskuren da za ku yi, Allah Ya tsayar da shi inda hannunku zai kai."

"Amin, Baba," suka ce tare.